Miliyan 7 a hannu, murya uku a kunne: a ina zan aza tubalin farko?

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina sayar da atamfa da shadda, ina da mata ɗaya da yara 4. Shekara 11 ke nan muna zaman haya a ciki da falo, bana kuma mai gida ya sake ƙara kuɗi. Da adashi da ɗan abin da nake ajiyewa na tara sefa miliyan 7. A ciki har da miliyan ɗaya da rabi na maiɗakina, kuɗin sarƙa da awarwaron zinarenta da ta sayar ta ba ni. Shekara 3 da suka wuce na sayi fili a bayan gari ta hanyar Pitowa, mita 20 a kan 20, a hannun wani dattijo, jauron wurin, wato mai unguwa, ya sa hannu ya buga hatimi. Iyakar takardar da nake da ita ke nan. Yanzu kaina ya rabu uku. Inna ta ce ba ta yarda in koma daji ba, in zo in yi gini a kangon da ke bayan ɗakinta a gidan marigayi mahaifinmu, amma gidan ba a raba gadonsa ba, kuma mu 9 ne. Yayana ya ce in ba shi kuɗin ya tsaya a kan aikin, yana da abokinsa magini da zai yi mana jinga da sauƙi. Maiɗakina kuwa ta samo zanen gida mai ɗaki 4 da falo 2 a waya, ta ce shi take so, kwanan nan ma ta fara tambaya ko sunanta zai shiga takarda, abin da ya sosa mini rai ƙwarai. Ba na son ɓata wa kowa, kuma ina tsoron kuɗin su narke a hannuna. Baba, ta ina zan fara?

Ɗanka daga Garwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Duk wanda ya taɓa zaman rumfar kasuwa ya san mai iyali da ke biyan haya bai isa ya haɗa miliyan 7 ba sai ya hana cikinsa abubuwa da yawa. Tsoron da kake ji ma yana kan hanya, don kuɗi a hannun ɗan kasuwa ba su da wurin zama: yau suna, gobe asibiti, jibi wani ya sauke kaya masu araha ya ce kada ka bari su wuce ka. Sai dai kada tsoron ya sa ka zuba su a rami don kawai a ce ka fara. Abin da nake so maka shi ne gini a ƙasar da ba wanda zai zo ya ce tasa ce, kuma ginin da za ka iya rufewa kafin ruwan farko. Duk maganar da zan yi maka a nan, a kan wannan take tafiya.

Mu fara da Inna, ita ce babba. Ba na jin kangon ne ya dame ta. Tsohuwa ce da ta rabu da mijinta, tana kallon 'ya'yanta suna watsewa ɗaya bayan ɗaya, yanzu kuma wanda yake leƙo ta in ya taso kasuwa yana maganar komawa inda sai an hau babur kafin a kai. Abin da take roƙo shi ne kada kai da jikokinta ku yi mata nisa. Wannan haƙƙinta ne, kuma akwai yadda za a biya shi, amma ba da kangon ba. Gidan da ba a raba gadonsa ba, kowane taku a cikinsa na ku 9 ne, har da tumunin takabar ita Inna. In ka aza bulo a wurin, ka yi gini ne a ƙasar yayyenka da ƙannenka, maza da mata, ko da yau duk sun ce maka "ai ba komai, yi abinka". Yau ɗin ba komai ne, don Inna na da rai kuma kuna jin nauyin juna. Rigimar tana can tana jiran ranar rabo, kuma mai yiwuwa ba ku ne za ku zauna a tabarmar ba, 'ya'yanku ne, waɗanda ba su sha nono ɗaya ba. Ranar za a yi wa gidan kuɗi gaba ɗaya da ɗakunanka a ciki, kai kuma ka koma neman wanda zai rantse cewa da kuɗinka aka sayi kwanon. Na zauna a irin wannan zama ba sau ɗaya ba. Na ga wa da ƙani suna ɗaga wa juna murya a kan ƙyauren ƙarfe guda, uwarsu ko arba'in ba ta yi ba.

In har zuciyarka ta fi karkata can, ƙofar ɗaya ce: a tara magada duka, a kira malamin da ya san rabon gado, a raba, a auna, ka sayi rabon wanda ya yarda ya sayar maka, a rubuta da shaidu. Amma ka sani, tayar da maganar gado a gaban uwa abu ne mai nauyi, tana iya jin kamar kana so ka tarwatsa mata gida tun tana numfashi. Ni da kai ne, da na bar wannan maganar ta kwanta. Sai in ware ɗan abu kaɗan in gyara mata ɗakinta, a toshe yoyo, a yi mata shafe, a gyara bayan gida. Sannan a zanen sabon gidan in fitar mata da ɗaki nata na kanta kusa da ƙofa, in kai mata takardar in ɗora yatsa in ce, "Inna, ga ɗakinki, duk ranar da kika so." Ka je mata bayan isha'i kai kaɗai, ko da kawunka wanda take jin maganarsa. Kada ka tafi da maiɗakinka, don kada a ce ita ce ta janye ka. Kuma ka yanke ranar da yara za su riƙa wuni wurinta, ka cika.

Yanzu filinka. Ka yi haƙuri, zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Takardar jauro shaida ce cewa ka biya kuɗi kuma mutanen wurin sun san da kai, tana da amfani, ka adana ta. Amma a dokar filaye ta Kamaru, wadda aka kafa ranar 6 ga Yuli 1974, takardar da ke tabbatar da mallaka ita ce titir fonsiye. Dokar ma cewa ta yi cinikin filin da ba a yi masa rajista da sunan mai sayarwa ba, ba ciniki ba ne, filin da ke da titir kuma sai a gaban noter, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, ake sayar da shi. Na san gidaje da yawa a garuruwanmu a kan irin takardarka suke zaune, masu su kuma suna barcinsu lafiya. Lafiyar tana nan har ranar da wani zai zo da takardar da ta fi taka ƙarfi. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku ba baƙon labari ba ne a bayan gari, haka nan dattijo ya sayar, ya rasu, 'ya'yansa su tashi su ce gonar gado ce, ba da saninsu ba.

Don haka kafin ka sayi ko buhun siminti ɗaya, ka ɗauki takardar ka je ofishin filaye da na masu awo, kadastir, a duba maka ko wurin yana cikin titir ɗin wani ko cikin ƙasar da gwamnati ta keɓe, ko kuma hanya aka tsara za ta bi ta kansa. A ofishin magajin gari ana ba da takardar da ke nuna ko wuri ya halatta a yi gini a kansa, ka neme ta. In wurin ya fita fes, hanya biyu ce gabanka. In dangin dattijon suna noma ko zaune a wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974, su ne ke da damar neman titir kai tsaye, sannan a yanko maka naka a gaban noter. In ba haka ba, kai ne za ka nemi gwamnati ta ba ka wurin na wucin gadi, ka raya shi, daga baya a tabbatar maka. Ko ta wace hanya, akwai kwamitin da sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, ke shugabanta, da sarakunan wurin a ciki, su zo su ga fili da idonsu, masu awo su kafa turakun siminti a kusurwoyi. Abin yana cin lokaci, yana cin takalmi, yana cin kuɗi, ka karɓi rasit a kan kowane sisi. Tun kafin su zo, tun dattijon yana da rai, ka tara shi da manyan 'ya'yansa da jauro da maƙwabtan da kuka haɗa iyaka, ku taka filin tare, kowa ya sa hannu. Izinin gini ma kada ka raina shi. Ka sha ganin jan fenti da aka gicciya a bangon mutane, ba ado aka yi musu ba.

Sai tambayar da ban ga amsarta a wasiƙarka ba: ka taɓa zuwa filin nan a watan Agusta? Yawancinmu da rani muke sayen fili, lokacin da ko'ina ya bushe, kowane kwari ya yi kama da tudu. Garwa kuwa gari ne na bakin Binuwai, kuma kai ma ka ga abin da ruwa ya yi a 2012, shekarar da damina ta yi ƙarfi har aka saki ruwan madatsar Lagdo. Kada ka tambayi mai sayarwa ko dillali. Ka tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a wurin, ka tambayi yaran da ke kiwon awaki, su ne suka san inda ruwa ke kwana. Ka duba gindin katangun maƙwabta, ruwa ba ya tafiya bai bar zane ba.

Ka kuma duba ƙasar kanta. Nan zan ba ka labarin kaina, ko da yake ba na jin daɗin tuna shi. Lokacin da na yi gidana a Marwa, wurin baƙar laka ce, irin karal ɗin nan da ake dasa masakwa a kanta bayan damina. Da rani takan tsage har ka zura hannu, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Maginin da na ɗauka ya haƙa tushe bai kai gwiwa ba, ya ce mini haka ake yi. Ni kuma murna ta hana ni tambaya, ina ta lissafin bulon da na rage. Damina biyu kacal, wata safiya ina alwala na ɗaga kai na ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi rufi, siririya kamar zare. Kafin shekara ta zagayo ina hango hasken waje ta cikinta, ƙofar ɗakin kuma sai an sa kafaɗa take rufuwa. Abin da na kashe wajen gyara ya ninka abin da na yi tsammanin na tsira da shi. Saboda haka ka sa a haƙa maka rami a filin, zurfin mita ɗaya da rabi, a wuri biyu, ka kira wanda ya karanci aikin gini ya leƙa. In jar ƙasa ce mai tsakuwa, ka gode wa Allah. In baƙar laka ce, tushe zai ci kuɗi: a zurfafa, a yi ɗamarar kankare da rodi a ƙasa, a yi wata a sama daidai linta ta zagaye ginin duka, a cika ciki da ƙasa mai kyau a daddage, a yi daɓen siminti kewaye da bango don kada ruwa ya kwanta a gindinsa. Ko wace irin ƙasa ce, daɓen ɗaki ya ɗara titi tsawo sosai, don titi kullum tashi yake yi, gida kuwa yana nan inda aka bar shi.

In takarda ta ƙi, ko ka tarar wurin matattarar ruwa ne, kada ka yi ta maza. Ka rabu da shi ko da da 'yar asara, amma ka faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ka gani. Ka nemi ƙaramin fili da aka yanko daga mai titir, ko da rabin wannan ne, ka ƙara shekara ɗaya a haya. Shekara ɗaya ba ta kai zafin rushe gini ba.

To, zanen da ke cikin waya. Ba sai na san farashin siminti na yau a Garwa ba kafin in ce maka miliyan 7 ba za su kai ɗaki 4 da falo 2 ga rufi ba, balle ga takarda da tushe suna jiran rabonsu. Ka zagaya bayan gari ka ƙirga gine-ginen da suka tsaya a linta, rodi ya yi tsatsa yana kallon sama, ciyawa ta fito a falo, awaki na kwana a ɗakin maigida. Masu su ba wawaye ba ne, buri ne ya fi aljihu, kuma har yau haya suke biya. Ka ɗauki katanga kawai ka gani. Fili mai mita 20 a kan 20, kewayensa mita 80 ne. In tsawonta mita 2 ne, bulo kusan 2,000 ke nan, siminti wajen buhu 60 na buga bulon kaɗai, ba a yi maganar tushe da ginshiƙai da ƙofar gida da ladan magini ba. Ga rijiya ko jan famfo, ga masai, ga wuta.

Ba cewa nake a yar da burin maiɗakinka ba. A zana gidan duka yadda kuke so ya zama nan da shekara 10, a san inda kowane ɗaki zai zauna, sannan a yanko abin da kuɗin yau za su gama: ɗaki 2 da falo, madafi, bayan gida, katanga. Ku tare ko da ba fenti, ko da daɓen siminti ne ba tayil. Daga ranar da kuka tare, kuɗin haya sun zama kuɗin bulo. Kashi ɗaya cikin 10 na kuɗin ka ɓoye shi kamar ba ka da shi, gini bai taɓa tsayawa inda aka yi masa lissafi ba. Jarin shagonka kuwa haramiyarka ne, shi ne saniyar da ake tatsa. Masu ba da bashin gina gida irin su Crédit Foncier sai da titir suke kallon mutum, ga kuma batun kuɗin ruwa da sai ka zauna da malaminka, don haka ka cire su daga lissafin bana.

Zanen waya kuma, yawancinsa an yi shi ne don garuruwan da ba su san zafin Maris da Afrilu na Garwa ba, lokacin da awo ke haura 40. Ɗaki mai gajeren rufi da faffaɗan gilashi yana kallon yamma, tanda ce ka gina wa iyalinka. Ka ɗaga bango ya kai mita 3 ko fiye kafin silin, tagogi su kalli kudu da arewa suna fuskantar juna don iska ta ratsa, a yi baranda mai faɗi, a bar tsakar gida inda za a shimfiɗa tabarma da dare. Kada ka raina tubalin ƙasa. Kakanninmu da suka yi soro da azarar giginya sun san abin da suke yi, ɗakin ƙasa ya fi na bulo sanyi nesa ba kusa ba, kuma yanzu akwai tubalin da ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti, irin wanda hukumar MIPROMALO ke ƙarfafa amfani da shi. In tushe na dutse da siminti ne, rufi kuma ya sauko ya kare bango, zai daɗe. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai yaye kwano, don haka a ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin ɗamarar sama, kada a dogara da ƙusa, a kuma shafa masa maganin gara. Masai ya yi nesa da rijiya, mita 30 in fili ya ba da dama, a lura da ta maƙwabci ma, kada kuma ya fuskanci alƙibla. Darbejiya ka dasa ta tun yanzu, amma nesa da bango.

Sai Yaya. Ban san shi ba, ba kuma zan zarge shi ba, mai yiwuwa so yake ya sauke maka nauyi tun da kana kasuwa. Amma ka yi tunani: in buhu 10 suka ɓace, za ka iya tsayawa gaban yayanka ka ce ya ba ka lissafi? Ba za ka iya ba. Za ka haɗiye, abin ya zauna maka a ciki, maiɗakinka ta ce kuɗin sarƙarta ne, Inna ta shiga tsakani. Shi ma maginin, da ya san abokinsa ne mai duba shi, hannunsa zai saki. Kada ka ba da kuɗi a dunƙule ga wanda kunya za ta hana ka tuhuma. Ka ba Yaya girmansa ta wata hanya: shi ne zai shige gaba wurin jauro da maƙwabta, shi ne babban shaida a kowace takarda, shi zai aza tubalin farko a yi addu'a. In zai riƙa leƙa aikin, ka yanka masa ladansa a fili. Ka ce masa, "Yaya, kuɗin nan akwai haƙƙin mace a ciki, dole in riƙe lissafinsu da hannuna." Ba ƙarya ka yi ba, kuma babba zai gane.

Abokin nasa ya shigo layi kamar kowa. Ka karɓi lissafin magina 3 a rubuce, ka je ka ga gidan da kowannensu ya gina shekara 5 da suka wuce, ka gaisa da mai gidan ba a gaban maginin ba. Wanda ya fi kowa sauƙi ka fi sa masa ido, araha ba ta ado. Kaya kai za ka saya, shi ladan hannunsa kawai za a yi jinga, kuma biya mataki-mataki: tushe, linta, rufi, shafe, ba a biyan na gaba sai an ga na baya. Siminti ga shi nan kusa, ana yin sa a Figil kan hanyar Marwa, ba dalilin tara shi wata da watanni har ya daskare. Rodi da tsakuwa da kwano su ne ke jure ajiya. Buhu ɗaya kada ya wuce bulo 30 zuwa 35 na mai faɗin santimita 15. In ka ji an ce an fitar da 50, ɗauki ɗaya ka sake shi daga ƙugu ka ga yadda zai zama gari. Kankaren ginshiƙi da ɗamara, buhu ɗaya baro ɗaya na yashi, baro 2 na tsakuwa. A riƙa ba bulo da kankare ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, don a zafinmu siminti da bai sha ruwa ba ƙonewa yake yi. Ranar zuba kankare ka rufe shago ka je da kanka, ka ƙirga rodi kafin a rufe shi, abin da kankare ya haɗiye ba mai sake ganinsa. Da yamma a tara maka buhunan da aka zazzage ka ƙirga. In ka buga bulo bayan ɗaukewar ruwa, wajen Nuwamba, ka yi gini cikin sanyi, to kwano ya hau kafin Mayu.

Na bar maganar maiɗakinka a baya da gangan, don ita ce ta fi tsaya maka a rai. Ɗana, matar da ta cire zinare daga wuyanta da hannunta ta miƙa maka ba ta yi maka kallon macuci ba. Zinaren mace shi ne gonarta, shi ne abin da take jingina da shi in duniya ta juya. Ta ga abin da ya faru da wasu matan: an yi gini da kuɗinsu, miji ya rasu ko ya ƙaro aure, aka wayi gari ba wanda ya tuna. In yau ta Allah ta kasance a kanka, gidan nan gado zai zama, ita tumuni ne nata, in akwai abokiyar zama ma su raba shi, miliyan ɗaya da rabin nan kuwa sun bi ruwa sai in akwai shaida. Tambayarta tambayar mai hankali ce. Addininmu ya bar wa mace dukiyarta, aure bai mayar da ita ta miji ba, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Ka zaunar da ita cikin sanyin murya ka tambaye ta: kuɗin nan kyauta ce, ko rance, ko tarayya? In rance ne, a rubuta adadi da lokacin biya, ya fi kyau ma a rubuta nauyin zinaren, don kuɗinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. In tarayya ce, abin da ta sa ya ɗara kashi ɗaya cikin 5 na kuɗin ginin, a haɗa da abin da ka sayi fili a fitar da rabonta, kuma titir yana ɗaukar suna fiye da ɗaya. In ta ce kyauta ce, kada ka yi saurin karɓa, ka ba ta kwanaki ta yi shawara da nata, kyautar da kunya ta sa aka yi ba ta da daɗin ci. A sa shaida ɗaya daga danginta, ɗaya daga naka. Za ka ga da ta samu wannan natsuwar, maganar falo 2 za ta yi sauƙi, don mai rabo a gida ba ta son ganinsa ya tsaya a linta. Sannan ka bar mata abin da ta fi ka sani. Kai da safe kake fita sai magariba, ita ce mai wuni a ciki. Inda madafi zai zauna don hayaƙi kada ya cika ɗaki, inda ruwan wanke-wanke zai bi, inda za a yi shanya, inda baƙonka zai tsaya bai hango tsakar gida ba, duk ka tambaye ta kafin magini ya ja igiya.

Wannan makon kada ka sayi komai. Daren Juma'a ka je wurin Inna. Asabar ku yi maganarku da maiɗakinka bayan yara sun yi barci. Litinin ka sa takardar jauro a aljihu ka nufi ofishin filaye, ka biya ta wurin masu haƙa ka yi musu jingar ramukan nan biyu. In an haƙa, ka damƙo ƙasar da ta fito daga can ƙasa, ka jiƙa ta ka murza a tafin hannunka, ka rubuto mini launinta da abin da mutanen ofis suka ce. Daga nan sai mu yi lissafin tushe tare. Ka gaishe mini da Inna.